Wanda Aka Ce In Sa wa Ido

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe farautar barewa, Marlene, matar yayana Arvo, ta same ni a shagona inda nake gyaran injinan yankan itace. Ba ta zuwa shagon nan haka kawai, don ta tsani warin fetur. Ta tsaya daga bakin ƙofa da jaka a hammata, ko safar hannu ba ta cire ba.

"Lyle, ka san abin da ya kawo ni."

"Ya ƙi zama a gida ko?"

"Cewa ya yi ko a akwatin gawa ne sai an kai shi dajin nan. Likita ya ƙara masa ƙwayar hawan jini, suga ya hau, taba kuwa kamar ana biyansa ya sha. Shekaranjiya na aike shi sama ya ɗauko min bargo, na leƙo na same shi zaune a tsakiyar matakala yana haki." Ta goge hanci. "Ba na ce ka hana shi zuwa ba, babu mai iya wannan. Ka dai sa masa ido. Ya sha maganinsa. In ya harbi wani abu kada ka bari ya ja. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Tun daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba.

Mu uku ne maza a gidan Lahti. Arvo ne babba, shekararsa hamsin da takwas, direban tirelar gungume, mutum ne da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Ni ne na tsakiya. Auta shi ne Denny, bai cika hamsin ba, ma'aikacin gidan waya, shekara ashirin da wani abu yana yawon raba wasiƙu da ƙafa, rani da sanyi. Siriri ne kamar sandar tsintsiya, bai taɓa sa taba a baki ba. Babanmu kuwa faskaren itace yake a bayan gida ya zauna a kan kututture, bai sake tashi ba, yana da hamsin da uku. Ƙaninsa ma haka ya tafi, a bakin aiki. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba, amma kowa a dangi ya riga ya yanke a ransa cewa Arvo ne ya gaji abin. In ya yi tari a wurin cin abinci sai ka ga cokula sun tsaya.

Muka tashi ranar jajiberen buɗe farautar a a-kori-kurar Arvo. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, titin kwalta ya ƙare muka hau na burji, muka haye gadar ƙarfe inda waya ke daina aiki, muka ci gaba da kutsawa daji har bukkar da kakanmu ya gina da gungume. Duk hanyar nan idona na kan wuyan Arvo, ina kallon yadda ya yi ja, ina ƙirga karan tabar da yake kunnawa.

"Me kake kallona haka?" in ji shi. "Yau ka fara ganina?"

"Hanya nake kallo."

"Hanya a wuyana take? Marlene ta zo wurinka ko?"

Denny ya tuntsire da dariya daga kujerar baya. "An ɗaukar maka mai reno, Tumbi."

"Kai dai Auta yi shiru, kada iska ta ɗauke ka in na buɗe gilashi."

Da muka isa, aikin farko shi ne shigo da itace. Na hana Arvo ɗauka, na ce ya je ya hura murhu. Ya harare ni amma ya tafi. Ni da Denny muka kama jida daga rumfa. Ba mu yi nisa ba na waiwayo na ga Denny zaune a bakin rumfar, itacen a kan cinyarsa.

"Har ka gaji?"

"Bari kawai. Kwanan nan jikina ba ƙarfi. Ka san tudun nan na bayan coci? Shekara nawa ina hawansa da jaka ba na ko ji. Yanzu sai na tsaya a tsakiya na yi kamar ina duba adireshi."

"Tsufa ne ya zo."

"Shi ne nake gaya wa Colleen."

Colleen matarsa ce. Na kwashi itacen daga cinyarsa na wuce, don a daidai lokacin na jiyo Arvo yana tari a ciki, irin tarin nan mai tsawo, na yi sauri in ga ko lafiya.

Da yamma Arvo ya soya mana dankali da albasa da naman alade a cikin baƙin kaskon nan na kaka, mai na iyo a sama. Ya cika farantinsa har yana zuba. Na ajiye masa ƙwayoyinsa kusa da kofi, ya kalle su, ya kalle ni, ya haɗiye. Denny kuwa sai juya abincin yake da cokali. Can ya ture farantin, ya ciro maganin ƙwannafi daga aljihu ya jefa biyu a baki, yana murza muƙamuƙinsa na hagu da tafin hannu.

"Haƙori ne?" in ji Arvo.

"Haka na zata. Na je wurin likitan haƙori ya bincika kaf, ya ce haƙorana sun fi nasa lafiya. Yana zuwa ne yana tafiya."

"Yaushe yake zuwa?"

"Oho. In ina tafiya da sauri. Sanyi ne ina jin."

"Ƙwannafin fa?"

"Kai, Tumbi, yaushe ka zama likita? Girkinka ne, ko kare ya ci sai ya yi ƙwannafi."

Arvo bai rama ba, abin da bai saba ba. Ya daɗe yana kallon Denny ta saman kofinsa. Ni a lokacin na ɗauka ransa ne ya ɓaci. Muka hura ɗakin wankan tururi kamar yadda muke yi kowace shekara, Denny ya ce shi ba zai shiga ba, zafin yana danne masa ƙirji kwanan nan. Ni da Arvo muka shiga, ban bar shi ya daɗe ba, na ce ni ne na ji jiri.

Da asuba muka sa rigunanmu masu ruwan lemo, don kada wani maharbi ya zata mu dabba ne, muka rabu. Kowa da wurin kwantonsa tun muna samari. Arvo a gefen tudu, kusa da hanya, inda ya kafa 'yar rumfar katako da kujera. Ni a tsakiya cikin itatuwa. Denny can ƙasa a bakin fadama, wurin da ya fi nisa da wuyar shiga, don shi ne mai ƙafa.

Na sha zaman kwanto a rayuwata, amma ban taɓa yin irin na ranar ba. Na kasa zama wuri ɗaya. In zauna, in miƙe, in leƙa ta wajen tudu, in koma. Ko reshe ya karye sai gabana ya faɗi. Na riƙa ganin Arvo a raina, ya kife a cikin rumfarsa, taba na ci a kan rigarsa, ni kuwa ina nan ina jiran barewa. Wata barewa da ɗanta suka zo suka wuce ta gabana, ban ko ɗaga bindiga ba. Sau biyu na fara tafiya wurinsa na dawo, don na san in na je zai zage ni tas.

Hantsi ya ɗaga sai na ji ƙarar bindiga sau ɗaya, daga wajen fadama. Na sauke ajiyar zuciya. Denny ne ya harba, shi zai ja abinsa, ni in taya shi, Arvo ba ruwansa. Na ɗan ƙara zama, sannan na ce bari in bi ta wurin Arvo in gaya masa ya koma bukka ya ɗora kofi.

Na isa rumfar ba kowa. Bindigarsa na jingine, kujera a kife, ga guntayen taba a ƙasa. Sawunsa ya miƙe cikin ƙanƙara ya nufi fadama, kuma daga faɗin takun na san ba tafiyar hankali ya yi ba.

Na bi sawun da gudu ina zaginsa a fili. Rassa na marina, ƙafata na nutsewa har ƙauri. Na hango su a gindin gangaren da ke fitowa daga fadama. Ga ƙaton namijin barewa kwance, ƙahonsa mai rassa ya caki ƙasa, igiya a wuyansa, an jawo shi wata 'yar tazara. Arvo na tsugune, bayansa na sama da ƙasa don haki.

"Arvo! Ka haukace ne? Wa ya ce ka zo ka ja? Kana so ka kashe kanka ka bar ni da Marlene?"

Ko waiwayowa bai yi ba. "Rufe min baki ka zo nan."

Sai a lokacin na ga Denny. Yana zaune a ƙasa ya jingina da wani gungume, ya cire hula ya zuge riga, a cikin sanyin da numfashi ke daskarewa a gashin baki. Zufa na gangarowa daga goshinsa kamar wanda ya fito daga tururi. Fuskarsa ta yi launin toka, leɓɓansa sun dushe. Ya dunƙule hannu ya danna a tsakiyar ƙirji.

"Ba komai," in ji shi, yana magana yana yankewa. "Na ja ne da ƙarfi. Ku bar ni in huta."

"Ina yake maka ciwo?" Arvo ya tambaye shi.

"Ba ciwo ba ne. Nauyi ne. Kamar ka zauna a kaina."

"Yana tafiya wani wuri?"

"Wuyana. Muƙamuƙin nan. Da hannun nan, ya yi min kamar ba nawa ba."

"Tashin zuciya?"

Denny ya gyaɗa kai.

Arvo ya cire safar hannu da haƙori, ya zura hannu can cikin rigarsa ta ciki, ya fito da wani ɗan gwangwani da fentinsa ya goge. Ya buɗe. Asfirin ne a ciki.

"Asfirin bai taɓa yi maka illa ba ko? To, tauna. Kada ka haɗiye, tauna shi."

"Haba Tumbi, ƙwannafi ne fa."

"Denny, zuciyarka ce. Tauna."

Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba tun muna yara. Ina jin abin da ya sa Denny ya buɗe baki ke nan. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, ina kallon wannan ina kallon wancan, kaina ya kasa ɗaukar abin da ke gabana.

"Ba sai an je ko'ina ba," in ji Denny. "Zan iya takawa har bukka in kwanta."

"Ko taku ɗaya ba za ka yi ba. Lyle, ina bahon?"

Muna da wani faffaɗan baho na roba mai igiya, da muke ɗora nama muna ja a kan ƙanƙara. Denny ya bar shi a wurin kwantonsa. Na ruga na ɗauko. Muka ɗora Denny a kai a zaune, muka jingina bayansa da jakarsa, Arvo ya cire tasa rigar ya lulluɓa masa. Ya kai hannu zai kama igiyar na fizge.

"Kai ba za ka ja ba. Mutum biyu ba za su kwanta min a dajin nan ba. Je ka kawo mota iya inda za ta iya shigowa. A hankali, Arvo. Don Allah a hankali."

Ya dube ni, ya dubi Denny, ya juya ya kama gangaren yana dafa itatuwa.

Ban san yadda na hau tudun nan ba. Igiya ta ci min kafaɗa, ƙafata na zamewa, in na yi gaba taku uku sai bahon ya mai da ni ɗaya. Kowane ɗan lokaci ina waiwayowa ina kiran sunansa don in ji ya amsa. Ina kuma ɗaga kai ina neman jar hular Arvo a tsakanin itatuwa, in ta ɓace min sai in tsaya ina leƙe har ta sake ɓullowa.

"Lyle," in ji Denny daga baya.

"Na'am."

"Barewata fa? Ban taɓa samun mai ƙaho irin wannan ba."

"Tana nan, ba inda za ta."

"Kyarkeci zai cinye."

"Ya ci, Allah ya sa ta shaƙe shi. Kai dai ka ci gaba da yi min magana."

Kafin in kai tsohuwar hanyar masu gungume na ji ƙugin mota, Arvo ya kutso da ita cikin ƙananan itatuwa har madubi ɗaya ya karye. Muka ɗaga Denny muka sa a gaba, ni na zauna a baya na riƙe kafaɗunsa, waya a ɗaya hannun ina kallon fuskarta.

Hanyar da muka saba bi muna hira ta zama ba ta ƙarewa. Kowane rami Denny sai ya yi nishi. Ya yi amai a kan takalmansa, ya ce mu yi haƙuri. Ya ce kada a kira Colleen tukuna, kada a tayar mata da hankali a banza. Arvo ya ƙanƙame sitiyari, zufa na ɗiga daga haɓarsa, ni kuma na rasa wanda zan kalla a cikinsu.

"Ya aka yi ka sani?" na tambayi Arvo. "Me ya kai ka wurinsa?"

"Tun jiya nake jin abin ba daidai ba. Gajiya, muƙamuƙi, ƙwannafin da ba ya jin magani. Da na ji harbin na ce yanzu zai kama ja." Ya kauce wa wani kututture. "Duk abin nan likitana ya karanta min, ya maimaita har na haddace. Kullum na tashi da safe sai na laluba kaina. Ƙirji, hannu, wuya. Gwangwanin nan shekara shida ke nan yana aljihuna. Ni nake jiran ciwon nan, Lyle. Ni ya kamata ya zo wa."

"Me ya hana ka magana jiya?"

"In ce me? Ni da tumbin nan da taba a baki in ce wa wannan ya je asibiti? Dariya za ku yi min." Ya daki sitiyari da tafin hannu. "Da ma na bari kun yi dariyar."

Muna hawa gadar ƙarfe waya ta kawo. Na kira lambar gaggawa, ina magana da sauri har matar da ta ɗauka ta ce in numfasa in sake faɗa. Ta tambayi shekarunsa, da abin da yake ji, da ko an ba shi wani abu. Ta ce kada mu yi ƙoƙarin kai shi gari da kanmu, mu tsaya a mahaɗar da titin burji ya haɗu da kwalta, motar asibiti ta riga ta taso, kuma kada in kashe wayar.

Jiran nan a mahaɗa ya fi komai tsawo. Arvo ya fita ya tsaya a tsakiyar titi ba riga, yana kai da komo, ya ciro kwalin taba ya mayar, ya sake cirowa. Ni ina riƙe da hannun Denny, sanyi ƙalau kuma jiƙe. Idonsa ya fara lumshewa, na riƙa tambayarsa sunayen karnukan da ke unguwar da yake raba wasiƙu, wane ne mai cizo, wane ne mai haushin banza, yana amsawa ɗaya-ɗaya. Can sai na jiyo jiniya daga nesa.

Mutum biyu ne suka sauko, mace da namiji. Suka manna masa wayoyi a ƙirji tun yana cikin motarmu, matar ta dubi takardar da na'urar ta fitar, ta dubi abokin aikinta, nan take suka ɗauke shi. Muka bi su a baya. A hanya na kira Colleen, sannan na kira Marlene, amma layin na yankewa, abin da ta ji kawai shi ne asibiti da zuciya.

Muna zaune a ɗakin jira da takalman daji da jinin barewa a wando sai ga Marlene ta faɗo kamar an jefo ta, gashi a barbaje, takalmin ɗaki a ƙafa. Ta nufi teburin ma'aikata tana faɗin sunan mijinta. Arvo ya miƙe ya ce, "Ga ni nan." Ta juyo ta tsaya tana kallonsa. Sai ta zo ta ɗaga jaka ta maka masa a kafaɗa, ta sake makawa, sannan ta kifa kai a ƙirjinsa ta fashe da kuka. Da muka gaya mata Denny ne sai ta ce, "Wane Denny?"

Colleen ta iso ba ta kuka, sai dai ta kasa zama. Ta zaga ɗakin nan har na daina kallonta don kaina ya fara juyawa. Tana tafiya tana magana, ba da kowa ba. Ta ce tun bazara yake dawowa daga aiki ya yi barci a kujera da takalmi a ƙafa. Ta ce ya daina yankan ciyawar gida a zama ɗaya, sai ya raba biyu. Ta ce rabonsa da awon jini tun kafin a haifi 'yarsu ta biyu, in ta yi magana sai ya ce mutumin da ke taka gari kaf kullum me zai je yi wurin likita.

Likitar da ta fito daga baya doguwa ce mai furfura, da hular aiki har yanzu a kanta. Ta ce ya tsira. Babbar jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe kusan gaba ɗaya, sun bi ta hannunsa sun buɗe ta, sun sa ɗan siririn bututu ya riƙe ta. Wani sashe na zuciyar ya ji rauni, sai nan gaba za a san iya abin da zai dawo. Ta ce da ya kwanta a bukka yana jiran abin ya wuce, da wata maganar ake yi yanzu.

"Amma likita," in ji Colleen, "ba ya shan taba. Dubi jikinsa, ko kitse babu."

"Kitsen da ke jini ba a ganinsa a jiki. Nasa ya yi yawa ƙwarai, kuma irin wanda ake gada ne. Mahaifinsa yana raye?"

Muka gaya mata na Baba da na ƙaninsa. Ta gyaɗa kai, ta dubi Arvo, sannan ta tsayar da ido a kaina.

"Kai ma ɗan'uwansa ne? Yaushe rabonka da awo?"

Na ce ba na ma iya tunawa.

"To, ka je cikin makon nan. 'Ya'yansa ma a auna su, kada a ce sai sun girma."

Da aka bar mu muka shiga, Denny na kwance da robar iska a hanci, ya ƙanƙance a cikin gadon. Ya dubi Arvo ya daɗe, sannan ya ce da 'yar muryarsa, "Tumbi, ka ga abin da girkinka ya jawo." Arvo ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya fita waje da sauri.

Na je awon kamar yadda aka ce. Jinina ya hau ban sani ba, kitsen ma yana nan, bai kai na Denny ba amma ya isa a ba ni ƙwaya. Babbar 'yar Denny ma an samu nata ya ɗara, yarinya 'yar jami'a. Tun daga nan na zama wani iri. In na ɗaga inji na ji kafaɗata ta amsa sai in ajiye in tsaya ina saurare. In na ci abu ya tsaya min a ƙirji sai in kasa sukuni har ya sauka. Likita ya ce wannan zai ragu da lokaci. Bai ragu sosai ba tukuna.

Denny ya koma aiki bayan sabuwar shekara, amma sun cire shi daga yawo sun ajiye shi a bayan kanta yana sayar da kan sarki, abin da ya tsana kamar me. Arvo ya bar taba, ya koma, ya sake bari. Yanzu tsinken sakace yake tauna, yana yi wa kowa masifa.

An ce dukkanmu mu riƙa tafiya kullum, sanyin waje kuwa an hana Denny shaƙa. Makarantar sakandaren garinmu tana buɗe dogon barandanta na ciki da sassafe don masu son motsa jiki kafin ɗalibai su zo, sai muka fara haɗuwa a can. Yawancin masu zuwa tsofaffin mata ne da fararen takalma, sun san juna, sun san hanya. Mu uku muke jerawa, Denny a tsakiya, ni ina sauraren numfashin wannan da na wancan da nawa.

Ranar farko ba mu kai ƙarshen barandar ba muka ji ana tafa hannu a bayanmu. Tsohuwa Saari ce, wadda ta koya mana lissafi dukkanmu, ta haura tamanin, tana tafe da ƙawayenta biyu suna kaɗa hannuwa.

"'Yan gidan Lahti, kun tare hanya. Masu rarrafe gefen dama suke bi."

Muka matsa jikin bango suka wuce. Arvo ya cire tsinken daga bakinsa ya bi su da kallo har suka sha kwana.

"Gobe sai mun wuce matar nan," in ji shi.

"Kai dai fara kaiwa wancan famfon shan ruwan tukuna," in ji Denny.

Muka ci gaba da tafiya.